Kaka Ta Wata Uku, Bashi Na Wata Tara: Magana Ga Mutanen Sarandosa Da Maƙwabtansu

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Jega zuwa Maiyama a ƙarshen rani, ko ya tsaya a kasuwar albasa ta Aliero lokacin da ake loda manyan motoci masu tafiya Kudu, zai iya rantsewa cewa babu matalauci a wannan yanki. Buhuna ne jibge a kowace kusurwa, dillalai na kai da kawo, sababbin babura na fitowa daga kwali, kuma da wuya mako ya wuce ba a ɗaura aure a unguwa ba. To amma mutumin nan ya dawo ta wannan hanya a watan Agusta, lokacin da gero ya yi kai bai nuna ba. Zai tarar da magidantan da suka sayar da amfani da buhu suna awon hatsi da kwano, wasu ma ba da kuɗinsu ba. Garin bai canza ba, mutanen ma su ne. Wata biyar kawai aka yi.

Wannan shi ne abin da muke son mu tattauna da 'yan uwanmu na Sarandosa da Andarai da Mungadi da Sambawa da sauran garuruwan da ke ƙananan hukumomin Maiyama da Jega da Aliero. Ina dukiyar kaka take tafiya?

Ba mu jahilci dalilan da suka fi ƙarfin manomi ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta zarce naira 1,000. Mai noman rani da ke tayar da injin ban-ruwa kullum shi ya fi kowa sanin ma'anar wannan. Taki ya yi tsada, haka maganin feshi da kuɗin mota. Ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa masu yawan gaske a fadamun Jihar Kebbi, kuma akwai gidajen da har yau ba su gama farfaɗowa ba. Waɗannan duka gaskiya ne, kuma akwai haƙƙi a wuyan hukumomi game da su. Sai dai idan muka tsaya a nan, mun faɗi rabin gaskiya ne, rabin da ba ya yi mana zafi.

A damina da ta gabata wani dattijo daga wani ƙauye kusa da Sarandosa ya tare mu bayan sallar Juma'a. Buƙatarsa ita ce mu roƙar masa wani ɗan kasuwa ya ɗaga masa ƙafa. Ya karɓi buhun gero ɗaya a kan zai biya biyu da kaka, ga shi kuma ya sake komawa neman wani. Muka ce masa, "Baba, ai mun ji an ce bana albasarka ta yi kyau." Ya ce ta yi. Ya sayar da ita gaba ɗaya a makon da ya cire ta, lokacin da kasuwa ta cika ta batse, domin aurar da 'yarsa. Kuɗin albasa bai isa gado da kujeru da katifa da jeren kwanuka da gara ba, sai ya haɗa da ɗaya daga cikin shanun hudarsa. Muka tambaye shi me ya kai shi, alhali ya san abin da zai biyo baya. Amsar da ya ba mu ita ce ta sa muka rubuta wannan sharhi. Ya ce, "Malam, na sani. Amma in ban yi ba, ɗiyata ce za ta sha gori a gidan miji har ta mutu."

Wannan bawan Allah ba wawa ba ne, ba kuma jahilin addini ba ne. Ya san buhu ɗaya a kan biyu riba ce tsantsa, ya san almubazzaranci haramun ne. Ya sha jin wa'azi a kai, wataƙila ma daga bakinmu. Abin da ya fi ƙarfinsa shi ne idon jama'a. Kowane uba a garin yana tsoron bakin sauran iyaye, su ma kuma tsoron nasa suke yi. Kowa na kuka a ɗaki, kowa na yi a fili. Cutar da ta kama gari ta wannan hanya ba mutum ɗaya ke iya warkewa daga gare ta shi kaɗai ba, domin wanda ya fara ragewa shi ne zai zama abin nuni.

A cikin Suratul An'am, aya ta 141, Allah Maɗaukakin Sarki ya ambaci gonaki da itatuwa da shuke-shuke, ya halatta cin amfaninsu, ya yi umarni da fitar da haƙƙinsu ranar girbi, sannan a cikin ayar dai ya hana israfi. Abin lura ne cewa hani ga ɓarna ya zo manne da ranar girbi. Ranar da hannu ya cika ita ce ranar da hankali ke gushewa. Wanda rumbunsa ya ƙare ba ya buƙatar a hana shi ɓarna, yunwa ta riga ta hana shi. Saboda haka wa'azin tattali da muke yi a watan Agusta, lokacin da mutane ke fama, wa'azi ne da ya makara, har ma yana iya zama cin fuska ga mai jin yunwa. Lokacinsa shi ne Nuwamba, da kuma Maris da Afrilu.

Dole mu faɗa wa kanmu gaskiya a nan, mu masu hawa mumbari. Sau nawa muka yi huɗuba a kan sauƙaƙa aure ranar Juma'a, ranar Asabar kuma aka gan mu a sahun gaba a walimar da aka yanka shanu, aka raba atamfa da kalanda da robobi masu hoton ango da amarya? Sau nawa muka karɓi ambulan a irin wannan wuri muka yi addu'a mai tsawo, alhali a auren marainiya mun tura almajiri ya wakilce mu? Jama'a suna kallo. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa mafi munin abinci shi ne na walimar da ake kiran mawadata a bar matalauta. Ya kuma tabbata cewa walimar auren Manzon Allah (SAW) da Nana Safiyya ba ta ƙunshi nama ko gurasa ba, dabino ne da cuku da man shanu aka haɗa. Mun haddace waɗannan, muna karantar da su. Aiki da su ne ya gagare mu.

Ba yau aka fara wannan kuka a ƙasar Gwandu ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda waɗannan garuruwa namu ke ƙarƙashin masarautar da ya kafa, ya taɓa barin jama'a wajen shekarar 1807 da nufin tafiya ƙasa mai tsarki, saboda takaicin yadda ya ga zukatan mutane sun karkata ga dawaki da manyan riguna da neman sarauta bayan an samu nasara. Shi da kansa ya ba da labarin a cikin Tazyinul Waraƙat. Da ya isa Kano mutanenta suka riƙe shi, ya karantar da su, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam, sannan ya dawo gida. Darasin da muke ɗauka daga wannan ba wai a gudu a bar gari ba ne, domin shi ma bai ƙarasa tafiyar ba. Ya dawo ne da rubutacciyar ƙa'ida, kuma ya fara da masu mulki. Ya fahimci cewa ɓarna daga sama take gangarowa.

Haka abin yake a yau. Ba talakan Sarandosa ne ya ƙirƙiro anko kala uku da kamu da dina da akwati goma sha biyu na lefe ba. Ya gani ne a gidan attajiri da ɗan siyasa a Birnin Kebbi, 'yarsa kuma ta gani a waya. Don haka duk wata yarjejeniya ta rage kashe kuɗi da za ta fara daga kan talaka ta mutu tun kafin a haife ta. Majalisar dokokin Jihar Sakkwato ta zartar da ƙudurin taƙaita almubazzaranci a bukukuwan aure da suna a 'yan shekarun nan, kuma niyyar mai kyau ce. Amma ɗan sanda ba zai shiga ɗakin amarya ya ƙirga kwanuka ba. Abin da ke hana mutum a ƙauye shi ne abin da ke tura shi, wato bakin mutane. Idan uban ƙasa da liman da manyan 'yan kasuwar albasa suka zauna da shugabannin mata suka amince da iyaka, sannan mai kuɗin gari ya aurar da 'yarsa a cikin wannan iyaka kowa ya gani, to daga ranar gori ya juya. Wanda ya wuce gona da iri shi zai ji kunya.

Mun ambaci mata da gangan. An saba ɗora musu laifin tsadar biki, kuma ba adalci ba ne. Kayan ɗaki a asalinsu ajiya ce. Kakanninmu mata suna jera tasoshi da kwanuka ne domin ranar da ciwo ko yunwa ko mutuwar aure ta zo, mace ta ɗauki ɗaya ta sayar. Dukiyarta ce da miji ba ya taɓawa. Matsalar ita ce kayan yau ba sa riƙe daraja. Kujerar da aka saya da kuɗin sa guda, bayan shekara biyu ko kuɗin akuya ba za ta yi ba. Uwar da ta dage a yi wa 'yarta kaya tana kare 'yarta ne da hanyar da ta gada. In ana son ta sassauta, sai a ba ta abin da ya fi: tunkiya biyu masu ciki, ko keken ɗinki, ko injin markaɗe, ko kuma yanki na fadama da sunan yarinyar, a rubuce, da shaidu. Wanda ya ce a rage kayan ɗaki bai kawo madadinsu ba, ya rage wa mace ne ya ƙara wa namiji.

Sai batun ajiya, wanda shi ne ƙashin bayan maganar. Kowane manomin albasa a Aliero ya san farashinta na faɗuwa a lokacin cira, ya kuma tashi sosai idan shekara ta doshi ƙarshe. Ya san rudu, ya san yadda ake shanya ta ta sha iska kafin a adana, ya san wani kaso zai ruɓe ko ya tsiro. Duk da wannan hasara, mai iya jira yakan fi mai gaggawa samu. To wa ke iya jira? Wanda babu mai bin sa bashi, babu kuma biki a gabansa. Ribar da manomi ya yi wa wahala wata huɗu a cikin sanyi, yana kwana a gona yana gadin inji, tana tafiya ne ga wanda ya saye ta da arha ya ajiye. Ba mu zargi ɗan kasuwa a kan wannan ba, saye da ajiyar abin da ya wadata a kasuwa halal ne matuƙar bai kai ga ɓoye abinci don cutar da jama'a ba. Muna cewa ne gaggawar da ke sa manomi ya sayar, mu muka ƙirƙire ta da hannunmu.

A Jamhuriyar Nijar, ƙauyuka da yawa na Hausawa suna da abin da suke kira rumbun tsimi. Ana tara hatsi da kaka, a rufe, a buɗe a tsakiyar damina a sayar wa 'yan gari da rangwame ko a ba su rance su mayar da kwatankwacinsa. Wasu sun ɗore, wasu sun rushe, kuma waɗanda suka rushe galibi rashin amana da rashin rubutu ne suka kashe su: mai riƙe da makulli ya ba ɗan uwansa, ba a rubuta ba, ba a biya ba. Wannan ba dalilin ƙin yi ba ne, dalilin yi da kyau ne. Makulli uku a hannun mutum uku, littafi ɗaya, a karanta lissafi a bainar jama'a bayan sallar Juma'a sau biyu a shekara. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, amma har yau a cikinmu akwai mai jin an raina shi idan aka ce ya sa hannu. Shawarar da Annabi Yusuf (AS) ya ba mutanen Masar ita ce a bar hatsi a zangarniyarsa sai ɗan abin da za a ci. Manomin da ya gaji ɗaure dami da gina rumbu bai kamata a ce sai an fassara masa wannan ba.

Daga ina hatsin farko zai fito? Daga haƙƙin da ayar An'am ta ambata. Nisabin hatsi wusuƙi biyar ne, wato sa'i 300. Abin da ruwan sama ya shayar ana fitar da kashi ɗaya cikin goma, abin da aka shayar da wahala da kuɗi, kamar shinkafar rani da ake ba ruwa da inji, kashi ɗaya cikin ashirin. Zakka tana da masu ita waɗanda Alƙur'ani ya ƙayyade, ba a mayar da ita jarin rance, don haka ajiyarta daban take da ta rumbun tsimi. Amma idan aka tattara ta cikin tsari ta isa hannun mabuƙata na gaskiya, maimakon a raba ta kwano-kwano ga maroƙa da 'yan uwa don neman suna, gidaje da yawa ba za su kai ga mai ba da buhu a kan biyu ba. Masarautar Dutse a zamanin marigayi Sarki Nuhu Muhammad Sanusi ta nuna cewa hakan mai yiwuwa ne, inda kwamitin zakka ke tattara hatsi gunduma-gunduma a raba wa mabuƙatan wurin da aka tara shi. Shi kuwa rumbun tsimi sai a gina shi da sadaka da wakafi da gudummawar mambobi.

Akwai wata mas'ala da manoman albasa ke yawan tambayarmu, wasu don neman sani, wasu don neman mafaka. A mazhabar Malikiyya babu zakkar amfanin gona a kan albasa da tattasai da sauran kayan lambu, sai dai a kan kuɗinsu idan sun kai nisabi kuma shekara ta zagayo. Imam Abu Hanifa kuwa yana ganin ana fitarwa daga duk abin da ƙasa ta tsirar da nufin amfani. Ba mu zo mu canza wa kowa mazhaba ba. Amma mutumin da ya loda mota biyu ta albasa, ya kashe kuɗin kafin shekara ta zagayo, ya ce ba a bin sa komai, alhali maƙwabcinsa mai damin gero kaɗan ya fitar da ushiri, ya kamata ya zauna ya yi wa kansa hisabi. Annabi (SAW) ya yabi mutanen ƙabilar Ash'ari saboda idan abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannunsu wuri ɗaya su raba daidai, har ya danganta kansa da su. Ba wajibi ne ya sa su ba.

Wani zai ce idan kowa ya rage saye, kafinta da tela da mai sayar da atamfa a kasuwar Jega su ci me? Tambaya ce mai kyau. Amsarmu ita ce kuɗin ba ɓacewa zai yi ba, wuri zai canza. Manomin da bai sayar da sansa ba zai yi huɗa da wuri. Wanda ya riƙe albasarsa zuwa lokacin tsada zai yi ɗinki ya yi gyaran gida a watan da tela da magini ke zaune babu aiki. Kasuwar da ke cika wata uku ta mutu wata tara ba alheri ba ce ko ga ɗan kasuwa, domin rabin abin da ya sayar bashi ne.

Haka nan a gona. Mutum biyar masu maƙwabtaka a fadama, kowa da injinsa, kowa da jarkar fetur ɗinsa, kowa na kuka. Injin da ke aiki da hasken rana ya fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya, amma bai fi ƙarfin biyar ba, kuma wasu sun riga sun fara. Iyayenmu da suka yi gayya da adashi ba su san kalmar ƙungiya ba, amma sun fi mu iya ta.

Ita ma ƙasar da muke nomawa tana da haƙƙi. A yankin Maraɗi, daga farkon shekarun 1980, manoma suka koma barin tohon itatuwan da ke fitowa daga tsofaffin kututture a gonakinsu, suna rage rassan suna barin masu ƙarfi, maimakon sassabe su ƙone. Wani ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo na cikin waɗanda suka yaɗa dabarar, amma manoman ne suka ɗauke ta daga gona zuwa gona. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar ta wannan hanya, ba tare da dashe ko ban-ruwa ba. Gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar shuka ta sha rana, ya kuma ba dabbobi abinci da rani, shi kansa taki ne da ba a saye da kuɗi. Ƙasarsu ta fi tamu bushewa. Mu kuwa muna sare na gonarmu mu sayar wa mai gawayi, mu ɗauki kuɗin mu sayi buhun taki. Ga leda da ta cika bayan gari, awaki na ci suna mutuwa, magudanan ruwa na toshewa, kuma mafi yawanta daga rabon abincin biki da ruwan leda take fitowa.

Abin da muke nema bai fi ƙarfin gari ɗaya ba. Kafin a fara girbin bana, uban ƙasa ya kira zama a Sarandosa, limaman Juma'a na kowane ɓangare su halarta ba tare da kowa ya zo da rigimarsa ba, a gayyato mata masu faɗa a ji a unguwanni da shugabannin matasa da manyan masu sayen albasa da shinkafa. A fito da takarda ɗaya: adadin akwatin lefe, kwanakin biki, abin da za a kai na gara, da abin da za a mallaka wa amarya da sunanta a madadin abin da aka rage. A zaɓi mutum uku masu riƙe makullin rumbu da mai rubutu ɗaya. Mu kuma limamai mu ɗauki namu alkawari a gaban jama'a, cewa za mu ɗaura kowane aure da ya cika sharuɗɗan shari'a, domin ba mu da ikon hana halal, amma ba za mu zauna a walimar da ta karya yarjejeniyar gari ba, ko ta wane ne.

Dattijon nan da ya tare mu yana da sauran 'ya'ya mata biyu a gida, kuma an riga an kawo kuɗin gaisuwar babbar.